Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Kogin Haɗejiya?

Kusan duk shekara, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, labari iri ɗaya ne ke fitowa daga gabashin Jigawa. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa a Auyo da Miga da Kafin Hausa, mutanen Haɗejiya sun kwana suna ɗura yashi a buhu suna ɗaga jinga, an kwashe wasu ƙauyukan Guri da Kirikasamma an tsugunar da su a makarantun firamare. Sai hukumar agajin gaggawa ta iso da buhunan masara da tabarmi da gidan sauro. Bayan wata huɗu ko biyar kuma, can ƙasa wajen Gashuwa da Gaidam a jihar Yobe, kukan rashin ruwa ake yi: kogi ya janye tun lambu bai nuna ba, masunta sun rataye taru. Na sama ruwa ya yi masa yawa, na ƙasa yana nema ido rufe, alhali kogi ɗaya suke sha.

Akan jingina wannan ga sauyin yanayi, kuma babu shakka yana da nasa kason. Amma mafi yawan abin da ke faruwa a wannan kwari aikin hannun mutum ne, sakamakon shawarar da gwamnatoci suka yanke tun shekarun 1970 a kan inda ruwa zai tsaya, da lokacin da za a sake shi, da wanda za a fara shayarwa.

Sai an san yadda kogin yake kafin a gane abin da aka yi masa. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birnin Kano, wajen Tamburawa, su wuce Wudil, daga nan sunan ya koma kogin Haɗejiya. Bayan Wudil ƙasar ta daina zama ta dutse, ta koma rairayi shimfiɗaɗɗe wanda gangarensa kaɗan ne ƙwarai, don haka ruwan ba ya gudu, yana rarrafe ne yana yaɗuwa tsakanin tuddai. Wani reshe ya ɓalle ya zama kogin Kafin Hausa. Bayan garin Haɗejiya kuma ya sake rabuwa uku: tsohon kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Daga kudu ga kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauchi da Katagum. Su biyun suna gamuwa kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda ya bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da jihar Diffa ta Nijar, ya je ya faɗa tafkin Chadi.

A tsakiyar wannan tafiya fadamar Haɗejiya da Nguru take. Kafin a datse kogin, rayuwar fadamar tana da tsari wanda kowa ya sani ba tare da an rubuta ba. Da faɗuwar damina manomi ya shuka shinkafa a kwari, gero da dawa a tudu. Ruwa ya iso a Agusta ya rufe kwarin, shinkafa tana tashi tare da shi. Kifi ya bar cikin kogi ya bazu cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi mai yalwar abinci. Daga Oktoba ruwa ya fara janyewa, masunta su tare bakin magudanai su kama tarwaɗa da karfasa da bargi. Inda ruwa ya sauka ya bar laima da sabuwar laka, manomi ya bi shi da wake da kuɓewa da kankana, ba taki ba ban-ruwa. Sannan Fulani su gangaro da shanu daga tudu su ci ɗanyar ciyawa da karan gona har bazara, su bar kashin shanu a gonar. A ƙarshe kogin ya ƙafe ƙaf, rana ta gasa cikinsa wata uku ko huɗu. Fili ɗaya ne, amma manomi da masunci da makiyayi kowa yana da watanninsa a kai, kuma ruwan da ya kwanta ya nutse ƙasa shi ne ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin. Ga goruba da kaba da itacen girki, ga tsuntsayen da ke tahowa daga Turai su yi hunturu a Baturiya da Dagona.

Wannan ƙafewar ta rani, wadda mai kallo daga nesa zai ɗauka masifa ce, ita ce ke tsaftace kogin. A riƙe wannan, domin nan ne gaba ɗaya matsalar ta kwanta.

Farin farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi wuya. Ga kuɗin mai ya fara shigowa. Tunanin masu mulki a lokacin shi ne a tare ruwan damina a ajiye, a yi noma da shi da rani, a daina dogaro da sama kaɗai. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka gama a 1974, da ƙarfin riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga ita aka ja babban kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aikin da aka tsara kashinsa na farko zai kai hekta 22,000. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya kwarin koguna guda 11, ciki har da ta Haɗejiya da Jama'are mai hedikwata a Kano, ita ce ta gaji madatsar. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, aka kuma yi shingen tare ruwa kusa da Haɗejiya domin noman rani na Auyo. Tiga da Challawa su biyu suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya.

Duk mai adalci zai yarda waɗannan ayyuka sun yi amfani. Wanda ya ga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a lokacin kaka, ko ya ga injinan casar shinkafa da suka cika Kura, ya san dubban gidaje sun tashi daga talauci saboda ruwan Tiga. Birnin Kano da miliyoyin mutanensa daga waɗannan koguna yake sha, ta matatun Tamburawa da Challawa. Ba mai hankalin da zai ce a rushe dam. Maganar ita ce me ya faru da waɗanda ke ƙasa, kuma wa ya lissafa su.

Abu biyu madatsun suka sauya, kuma sun saɓa wa juna. Na farko, sun rage ambaliyar damina, domin ruwan da da zai gangara ya cika fadama yanzu yana tsayawa ne ya cika dam. Hotunan sama da aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 sun nuna ruwa yana rufe sama da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar. A farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da 1,000. Farin shekarun 1980 ya taimaka wajen wannan raguwa, amma madatsun ne suka mayar da ita abu mai ɗorewa. Na biyu, sun sa kogin ya daina ƙafewa. Domin a kai ruwa matatun Kano da gonakin Auyo, dole a riƙa saki duk rani, ga kuma ragowar ruwan gonakin Kadawa da ke komawa kogi ɗauke da takin zamani. Kogin da a da yake cika ya tumbatsa sannan ya bushe, ya koma mai ɗan ruwa marar zurfi wata goma sha biyu.

Babu abin da kachalla ke so kamar wannan. Ciyawa ce mai tsawo, ta kan fi tsawon mutum, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsiro, irinta kuma iska ke ɗauka kamar auduga. Dama can akwai ta a fadamar, amma 'yar kaɗan a bakin tafkuna, domin ƙafewar rani tana kashe ta, ambaliya mai ƙarfi kuma tana tumɓuke abin da ya rage. Da aka cire mata waɗannan abokan gaba biyu, aka ƙara mata taki, sai ta mamaye. Inda ta tsaya, ruwa yana rage gudu. Inda ruwa ya rage gudu, laka tana kwanciya. Inda laka ta kwanta, kachalla tana ƙara samun wurin zama. Haka magudanai suka riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon kogin Haɗejiya, wanda shi ne ke kai ruwa Gashuwa, ya cushe. Burum Gana ma haka. Ruwan ya rasa hanya, sai mafi yawansa ya karkata Marma ya nufi Nguru, wurin da ba shi da mafita ta kirki. Gonakin da kakanni suka noma a gefen Marma suka zama tafki na dindindin, hanyar Haɗejiya zuwa Nguru ta sha yankewa, garuruwa suka zama sai da kwale-kwale. Gwajin sakin ruwa da aka yi da rani a tsakiyar shekarun 1990 ya nuna cewa ko an buɗe madatsun, kusan babu abin da ke isa kogin Yobe; ruwan yana ɓacewa ne a cikin ciyawa.

Daga nan sauran masifun suka biyo. Tsuntsun jan-baki ya samu gidan kwana da ba mai iya shiga, ya riƙa fita da asuba garke-garke yana cinye gero da shinkafa, har gwamnati ta riƙa ɗaukar hayar jirgin feshi. Ruwan da ba ya motsi ya tara sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, shanu kuma suna kamuwa da ciwon hanta. Masunci ba ya iya jefa taru a cikin dajin ciyawa. A wasu wuraren da ruwa ya daɗe kwance, kanwa ta taso ta ɓata ƙasa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya faru tsakanin manomi da makiyayi. Da fili ya ƙuntata, wani ɓangare ya nutse wani ya bushe, sai watannin da kowa ke da su suka hau kan juna. Manomi ya sayi injin ban-ruwa ya zauna a bakin kogi duk rani, daidai wurin da shanu ke sauka su sha. Burtali ya zama gona, mashaya ta zama lambu. Rikicin da ake yi a Guri da Kirikasamma da Birniwa, wanda ake rasa rayuka a cikinsa, ana yawan ba da labarinsa kamar gaba ce tsakanin ƙabilu. Wanda ya san fadamar ya san cewa da farko rigimar fili da ruwa ce, kuma ta tsananta ne bayan tsarin kogin ya rikice.

Ambaliyar ma da ake kuka da ita yanzu ba irin ta da ba ce. Ta da tana zuwa a lokacinta, ta bi hanyoyin da aka sani, ta tafi. Ta yanzu tana tarar da magudanai a toshe, sai ta haura ta inda ta samu, ta shiga gari. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jigata. Jama'a kan ce an buɗe Tiga ne aka sako musu ruwa. Gaskiyar ita ce in dam ya cika, ruwa yana tumbatsa ya bi mafitar da aka yi masa ko an so ko ba a so. Abin tambaya shi ne me ya sa aka bari ya cika maƙil a daidai tsakiyar damina ba a rage shi da wuri ba, kuma me ya sa manomin Auyo ba ya samun sanarwa sai ya ga ruwa a gonarsa.

To, shin an yi lissafi kuwa? An yi, amma bayan aikin gama ya gama. A shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun zauna sun ƙiyasta abin da fadamar ke samarwa na hatsi da kifi da itace, suka kwatanta da abin da manyan gonakin noman rani ke samarwa da ruwa daidai wannan. Sakamakon ya nuna cewa in aka kammala dukkan madatsu da gonakin da aka tsara, ribar da za a samu a sama ba za ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a fadama ba. Kuma ba su ma saka kiwo da cikar rijiyoyi a wannan lissafin ba. Dalilin a fili yake: ambaliya tana shayar da fili mai faɗi kyauta, ba kanal ba ma'aikaci ba gyara, yayin da babban aikin noman rani ke cin kuɗi, kuma ruwa mai yawa yana tafiya a banza ta hanyar tururi daga saman dam da yoyo daga kanal.

Me ya sa wannan bincike bai sauya tunanin hukuma ba? A ganina, domin abin da fadama ke bayarwa ba ya shiga takarda. Hekta 5,000 da aka shimfiɗa wa kanal ana iya aunawa, a ba da kwangila, shugaba ya zo ya yanke ƙyalle. Buhun waken da tsohuwa ta samu a kan laimar kogi, da kwandon bandar kifin da aka kai kasuwar Nguru ko ta Gashuwa, da nonon da aka tatsa a ruga, ba ofishin da ke rubuta su. Abin da ba a rubuta ba kuwa, in ya ɓace ba wanda za a tuhuma. Ba a Haɗejiya kaɗai aka yi haka ba. A Bakolori, kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, an gama dam a 1978, manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta aka kashe mutane da yawa. Waɗanda ke ƙasa da dam ɗin kuma noman shinkafarsu da kamun kifinsu suka ragu ba wanda ya biya su. A Borno an kashe maƙudan kuɗi a aikin noman rani na kudancin tafkin Chadi, a Marte, tafkin ya ja baya ya bar kanal a bushe. Tunani ɗaya ne ya haifi dukkansu: ruwan da ya bi kogi ya wuce, asara ne.

Sai batun wanda ke da iko. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ɗora ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Amma kwarin nan guda ɗaya hukumomin tarayya biyu ne ke kula da shi: ta Haɗejiya da Jama'are a sama, ta tafkin Chadi mai hedikwata a Maiduguri a ƙasa. Ta saman ita ke riƙe da ƙofofin dam, kuma ita ce mai gonakin da ke shan ruwan, wato ita ce mai rabo ita ce kuma mai karɓa. Jihohi shida ne ke da hannu: Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, kowace da ma'aikatar ruwanta da ta gonarta da ta muhallinta. A 2006 gwamnatin tarayya da gwamnonin waɗannan jihohi sun haɗu a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, suka kafa asusun amana na haɗin gwiwa, aka kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. Mataki ne mai kyau ƙwarai, kuma asusun ya yi ayyukan yashe magudanai da gina jinga. Sai dai ba shi da ikon ce wa mai riƙe da ƙofar dam buɗe ko rufe. Ƙudurin dokar ruwa na ƙasa, wanda zai iya samar da mai sa ido mai zaman kansa, ya sha zuwa majalisa daga 2017 yana faɗuwa, saboda a Kudu da yankin tsakiya an ɗauke shi a matsayin dabarar ƙwace bakin koguna. Muhawarar ta tafi can, ba wanda ya tuna da mutumin Gashuwa.

Haka kuma ba a cika tunawa da cewa kogin yana da masu haƙƙi a ƙetaren iyaka ba. Tattasan Diffa, wanda ake loda wa motoci zuwa kasuwannin Najeriya, da ruwan Yobe ake noma shi. Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, kuma Yobe na ciki. Mu da muke ƙorafi duk lokacin da aka ce za a datse kogin Kwara a sama da mu, ya kamata mu ji nauyin abin da muke yi wa na ƙasa da mu.

Abin da gwamnati ke yi a 'yan shekarun nan ya kasu biyu. Ɗaya shi ne gyara da faɗaɗa manyan gonakin. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 dominsa a 2014, ya gyara kanal a Kadawa da Bakolori, ya faɗaɗa na Auyo wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a farkon 2023, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa domin su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna gyara ƙananan magudanai da kansu. A ƙarshen 2023 a Haɗejiya aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa. A 2024 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 500 don madatsu da noman rani. Ɗayan kuma shi ne yaƙi da kachalla kai tsaye: gwamnatin Jigawa ta sayi manyan motocin haƙa masu tafiya a kan ruwa, ƙauyuka suna fita aikin gayya da lauje da adda suna yanka, sau da yawa cikin ruwa har ƙirji. Ana kuma binciken mayar da ciyawar abincin dabbobi da iskar girki, har da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a ciki. A Senegal, inda madatsar Diama ta haifar da irin wannan annoba, gawayi ake yi da ita.

Ina girmama wannan ƙoƙari, musamman na mutanen da ke shiga ruwa da jikinsu. Amma duk wanda ya yi aikin ya san magudanar da aka share bana, in ruwa ya ci gaba da kwanciya a cikinta duk rani, baɗi ko baɗin baɗaɗa ta sake cikewa. Kuma kowace sabuwar hekta ta alkama da aka ƙara a sama tana nufin ƙarin sakin ruwa da rani, wato ƙarin abin da ciyawar ke so. Tashar lantarkin da jihar Kano ta gina a Tiga ita ma ruwa mai gudu kullum take buƙata. Hannun dama yana yanka, na hagu yana ban-ruwa.

Maganin da masana ruwa suka daɗe suna faɗa ba sabo ba ne, kuma ba shi da tsada kamar gina sabon dam. A mayar wa kogin wani abu na tsohon halinsa. A tsara sakin ruwa mai yawa da gangan a cikin damina, a lokacin da aka sanar tun kafin shuka, domin ya cika fadama ya wanke magudanai, ya kuma rage wa dam nauyi kafin ya tumbatsa da kansa. Sannan a ware makonni a ƙarshen rani, bayan an girbe alkama, a tsuke sakin ruwa ƙasa da shingen Haɗejiya har magudanan su bushe, a yanke ciyawar a ƙone. A gina ƙofofin raba ruwa a inda kogin ya rabu, domin kada Marma ta kwashe komai ta bar tsohon kogi. An gwada makamancin wannan a maƙwabta. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta busar da fadamar Waza da Logone. A 1994 aka buɗe wata magudana da aka toshe aka mayar da ambaliya wani sashe, ciyawar kiwo ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya suka dawo.

Wannan yana da farashi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Birnin Kano ba zai daina sha ba ko na kwana ɗaya, don haka sai an gyara wuraren ɗibar ruwan matatun yadda ba sai an cika kogi ba kafin famfo ya kama. Mai lambun da ya saba samun ruwa a bakin kogi har watan Mayu zai rasa wasu makonni, sai an taimaka masa da rijiyar burtsatse ta fadama, wadda ita ma cikarta ta dogara ne da ambaliyar. Mutanen da suka yi gini ko gona a tsohuwar hanyar ruwa cikin shekarun da ta bushe za su buƙaci diyya ta gaskiya. Kuma sakin ruwa da gangan ba zai yiwu ba sai an fara buɗe magudanan, in ba haka ba gari za a nutsar. Ana buƙatar ma'aunan ruwa masu aiki a Wudil da Haɗejiya da Gashuwa, da jadawalin da za a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Badanci, da zama na shekara-shekara inda sarkin ruwa da arɗo da shugaban manoma daga Jigawa da Yobe za su zauna da injiniyoyin hukuma kafin a yanke ranar buɗewa da rufewa. Lafiyar madatsun kansu ma abin dubawa ce: Bagauda ta fashe a 1988, Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta nutsar da rabin Maiduguri, Tiga kuma ta haura shekara 50.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ba ta jira. Tunda kogin Haɗejiya ya kusan daina kaiwa, abin da ke rayar da Gashuwa da Gaidam da Damasak da Diffa a yau shi ne kogin Jama'are, wanda har yanzu ba a datse shi da babban dam ba. Shi ke kawo ambaliyar da ta rage, shi ke cika tafkunan da ake bikin kamun kifi na Gorgoram a ƙasar Bade. A kansa ne kuma aka tsara madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, wadda za ta riƙe kubik mita biliyan 2.7, ta fi Tiga girma. An fara aikin, aka dakatar a 1984, aka sake tayarwa a farkon shekarun 1990 aka sake tsayawa, kuma har yau 'yan siyasar Bauchi suna neman a kammala, na Yobe da Borno suna adawa. Mutanen Bauchi suna da hujja: su ma suna son noman rani da aikin yi ga matasansu, kuma sun ga abin da Tiga ta yi wa Kura. Amma duk wanda zai sa hannu a kan wannan kwangila ya kamata a fara tambayarsa abu uku a bainar jama'a: ruwa nawa za a saki a watan Agusta, wata nawa za a bar kogin ya bushe, kuma wace kotu ce mutumin Jakusko ta jihar Yobe zai je in aka saɓa. In ba a rubuta amsoshin a doka ba kafin a zuba kankare, to jihohin ƙasa suna da cikakken dalilin ci gaba da cewa a'a.